Baba Fasto, biyayyar da aka ce in yi ta haɗa da katin bankina da shan mari?

Wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, ta aiko da wannan tambaya, ta roƙi a sakaya sunanta:

"Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekararmu bakwai da aure, yaranmu biyu. Albashina ya fi na maigidana, kuma tun da aka ƙara mini girma a wurin aiki zaman ya sauya. Da mun ɗan saɓa sai ya ce Littafi Mai Tsarki ya ce mace ta yi biyayya, shi ne kai. Yanzu ya ce in ba shi katin bankina, in ina son wani abu in tambaye shi. Da na ƙi, ya mare ni a gaban yara, karo na biyu ke nan. Na kai kukana wurin wata uwa a zumuntar mata, ta ce in yi haƙuri, haka aure yake. Ba na so in saɓa wa Allah. Me aka umarce ni, shi kuma me aka umarce shi?"

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon bayani. Daga Farawa har Wahayin Yahaya babu aya ko ɗaya da ta ba miji izinin ɗaga hannu a kan matarsa. Marin da aka yi miki zunubi ne, kuma ba ke kika aikata shi ba. Zan dawo kansa. Amma tun da Littafin aka jawo miki, bari mu buɗe shi tare.

Domin kada wani ya ce tsohon nan ya bi 'yan zamani, ga inda na tsaya: na gaskata miji shi ne kan matarsa, haka na koyar shekara da shekaru, haka na faɗa a kowane aure da na ɗaura. Gardamata da maigidanki a kan ma'anar zama kai ne.

Ayar da yake riƙe da ita tana Afisawa 5:22, inda Manzo Bulus ya ce matan aure su bi mazansu kamar suna bin Ubangiji. Sai dai Bulus bai rubuta wasiƙarsa da lambobi ba. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari da muke amfani da su, wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551, kusan shekara dubu ɗaya da ɗari biyar bayan Bulus. Kanun maganar da kike gani a tsakiyar sura kuwa, masu fassara ne suka ƙara don sauƙin karatu. Me ya sa na kawo wannan? Domin a Helenanci, harshen da aka rubuta wasiƙar da shi, aya ta 22 a cikin wasu daga mafi tsufan rubuce-rubucen hannu ba ta da kalmar "biyayya" ko kaɗan. Cewa kawai ta yi, "mata, ga mazanku, kamar ga Ubangiji." Aron kalmar ta yi daga aya ta 21, wadda ta ce dukan masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Jimla ɗaya ce. Wanda ya yanke 22 ya jefar da 21 kamar wanda ya sare reshe ne ya ce shi ne itacen.

Sa'an nan ki ƙirga. Aya uku aka yi wa mata, daga 22 zuwa 24. Daga 25 har ƙarshen sura a 33, maza ake wa magana, in ban da rabin ayar ƙarshe. Abin da aka ce musu kuwa ya fi nauyi nesa ba kusa ba: su ƙaunaci matansu yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta, su ciyar da su, su kula da su kamar jikinsu, gama ba wanda ya taɓa ƙin jikinsa.

Ina tuna wani malamin firamare a wata ikilisiyar ƙauye da na yi aiki. Ya zo ofishina da matarsa, ita ta rakuɓe a bakin ƙofa da goyo, shi ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kafin in ce uffan ya buɗe Littafinsa, aya ta 22 an ja mata layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa. Na ce ya karanta. Ya karanta da murya irin ta gaban aji, ya kai 24, ya rufe. Na ce, "Malam, ci gaba." Ya sāke buɗewa, ya karanta 25, muryar ta ɗan yi ƙasa. Na ce, "A cikin waɗannan ayoyi, wacce aka rubuto maka?" Ya yi shiru, ya ce ta 25. Na ce, "To me ya kai jan bironka cikin wasiƙar da ba taka ba?" Matar ce ta fara dariya, ta rufe baki da gefen mayafi.

Wannan ba wasa ba ne, shi ne zuciyar maganar. Ba inda aka ce, "Maza, ku sa matanku su yi muku biyayya." An yi wa mace magana kai tsaye, a matsayin mai hankali, mai amsa wa Allah da kanta, aka ce ta ba da girmamawarta. Abin bayarwa ne, ba abin ƙwata ba. Ran da miji ya fara karɓar biyayya da tsawa ko da tafin hannu, abin da ya samu tsoro ne. Tsoro kuwa ko ɗan fashi yana samunsa.

Ki kuma san duniyar da Bulus ya yi wa magana. A dokar Romawa uban gida yana da iko a kan 'ya'yansa da bayinsa wanda ya kai har ga rai da mutuwa. Masanan Helenawa, tun daga Aristotal, sun saba tsara gida kashi uku, miji da mata, uba da 'ya'ya, ubangida da bawa, suna koya wa maigida yadda zai mulki na ƙarƙashinsa. Bulus ya ɗauki wannan tsarin da kowa ya sani, amma da ya zo kan maigidan bai ce masa "ka yi mulki" ba, ya ce masa "ka mutu dominta." Mutanen Afisa da suka ji an karanta wasiƙar ba su yi mamakin a ce mace ta bi mijinta ba, wannan kowa ya sani. Abin da ya sa maza suka gyara zama shi ne aya ta 25. A 1 Korintiyawa 7:4 ma ya ƙara da abin da ya fi wannan: mace ba ta da iko da jikinta sai mijinta, haka kuma miji ba shi da iko da jikinsa sai matarsa. Rabin farko tsohon labari ne. Rabin na biyu shi ne sabo.

Ba mu muka fara gane haka ba. Yohanna mai Bakin Zinariya, mai wa'azin Antakiya da ya zama bishop na Kustantiniya, wanda ya rasu a shekara ta 407, ya yi wa'azi a kan wannan sura. Mutum ne da ya yarda sarai miji shi ne kai. Duk da haka ya gaya wa maza cewa in suna so a yi musu biyayya irin ta ikilisiya, to su fara da kulawa irin ta Almasihu, kuma abokiyar zama, uwar 'ya'yan mutum, ba a ɗaure ta da tsoro da barazana. Hausawa ma sun riga sun faɗa: babba juji ne. Kai shi ne inda ake ɗora kaya. Ubangijinmu da kansa, a daren da za a bashe shi, ya tuɓe riga ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, bayan ya riga ya gaya musu a Markus 10 cewa sarakunan al'ummai ne ke nuna wa mutanensu iko, amma kada ya zama haka a tsakaninsu.

Akwai wurare biyu a Farawa da ake yawan jawowa, bari in taɓa su. Na farko, cewa an halicci mace "mataimakiya." A kunnenmu kalmar tana kama da yaron shago ko karen mota. A Ibrananci kalmar ita ce *ezer*, kuma mafi yawan wuraren da ta fito a Tsohon Alkawari Allah ake nufi da ita. Ita ce a Zabura 121, inda mai zabura ya ɗaga ido wajen duwatsu yana tambayar daga ina taimakonsa zai zo. Wanda ake kira ya kawo ɗauki ba ƙarami ba ne. Na biyu, Farawa 3:16, inda aka ce wa Hawwa'u mijinta zai mallake ta. Wannan yana cikin jerin abin da zunubi ya jawo, tare da zafin naƙuda da ƙayayuwa da sarƙaƙƙiya a gona. Ban taɓa ganin manomin da ya ce tun da Allah ya ce ƙasa za ta fid da ƙaya, shi ba zai yi noma ba. Ke ma a wurin aikinki kina ba mai naƙuda abin rage zafi, ba wanda ya ce kin yi wa Allah tawaye. Nufin Allah na asali yana sura ta 1 da ta 2: namiji da mace a cikin siffarsa, su biyu aka ba mulkin duniya, su zama jiki ɗaya. Can Yesu ya koma sa'ad da aka tambaye shi batun aure a Matiyu 19.

Yanzu batun kuɗi. Ki buɗe Karin Magana 31, surar da ake karantawa kusan kowace ranar mata a majami'unmu. Macen nan takan duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, ta saƙa tufafi ta sayar wa fatake, ta buɗe hannu ga matalauta. Ba a ce ta miƙa wa mijinta jakar kuɗin ba. An ce zuciyarsa ta amince da ita, shi kuma ana girmama shi a ƙofar gari. Arzikinta bai rage masa rawani ba. A Luka 8 mata ne, su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana, suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi, a gidanta ikilisiyar garin ta fara taruwa. Ni kaina da kuɗin daddawar mahaifiyata na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Mahaifina manomi ne, kuma har ya rasu ban ji ya ce wannan ya ƙasƙantar da shi ba. Fahariya ma yake yi da ita a dandali.

Saboda haka babu ayar da ta ce ki ba da katinki, banki ma da kansa ya gargaɗe ki kada ki ba kowa lambar sirrinki. Amma kada ki tafi da rabin maganata, yadda shi ya tafi da rabin ta Bulus. Jiki ɗaya ba ya ɓoye wa kansa aljihu. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: ya san nawa kike samu? Kin taɓa goranta masa, ko da da kallo ne, ko a gaban 'yan'uwanki? Kina aika wa gidanku kuɗi ba da saninsa ba? Afisawa 5:33 ta ce mace ta ga girman mijinta, kuma namijin da ya ga matarsa ta wuce shi a samu, abokai na zolayarsa, danginsa na zuga shi, yakan ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Wannan ba hujjar mari ba ce ko kusa. Ciwo ne dai da ya kamata ki san yana nan, ke da aikinki sanin inda ke ciwo.

Abin da nake ba ma'aurata shawara mai sauƙi ne. Ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Ƙarshen wata ku zauna bayan yara sun yi barci, kowa ya faɗi abin da ya shigo masa, shi ma har da nasa. A fid da zakka da baiko, kuɗin haya, makarantar yara, abinci, abin da za a aika wa iyayensa da naki, da ajiya. Abin da ya saura kowa ya riƙe nasa. In yana so ya zama kai a batun kuɗi, ga hanya: shi ya fara buɗe nasa lissafin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya kuma tuna 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Albashinki bai sauke masa wannan nauyi ba.

Biyayyar ma tana da iyaka, domin "kamar ga Ubangiji" aka ce, ba "maimakon Ubangiji" ba. Safiratu ta bi mijinta Hananiya cikin ƙarya a kan kuɗin gona, Bitrus bai ce mata sannu da biyayya ba, hukunci ɗaya ya same su. Abigel ta ƙetare maganar mijinta Nabal, ta ɗora abinci a kan jakuna ta tari Dawuda, ta ceci gidan gaba ɗaya, aka kuwa yabi hankalinta. Ibrahim ma, wanda Saratu ke kira ubangijinta, Allah ya ce masa a Farawa 21:12 ya saurari abin da ta faɗa masa.

Batun ko mace za ta yi wa'azi ko a naɗa ta fasto, ba shi kika tambaya ba, kuma a nan ikilisiyoyi sun rabu da gaske. Katolika ba ta naɗa mata firistoci, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya jaddada haka a 1994, shekarar da Cocin Ingila ta fara naɗa su. Angilikan ta Najeriya ba ta bi sahun Ingila ba. ECWA da EYN ba sa naɗawa, Firesbiteriyan ta Najeriya kuwa ta naɗa mace ta farko tun 1982. Masu hanawa suna riƙe da 1 Timoti 2:12 da 1 Korintiyawa 14:34. Masu yarda suna nuna Debora da ta hukunta Isra'ila, annabiya Hulda da Sarki Yosiya ya aika a tambaya, Fibi mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, da Biriskilla wadda ita da mijinta Akila suka gyara wa Afolos koyarwarsa. Abin da nake so ki lura da shi: ko waɗanda suka fi tsayawa a kan shugabancin namiji, da suka taru a Amurka a 1987 suka rubuta matsayinsu, sun sa a ciki cewa maza su rabu da shugabancin zafi da son kai. Duk ɓangarorin biyu, ba mai goyon bayan tafin hannu. Mu nan Arewa kuwa, wanda ya raina mace a aikin Allah bai san tarihinsa ba. Johanna Veenstra, budurwa daga Amurka, ta iso Najeriya a 1920, ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum har ta rasu a 1933, kabarinta yana Vom. Ki kuma cire zumuntar mata daga kowace majami'a tamu na wata uku, ba bugun tulu, ba ziyarar marasa lafiya, ba girkin gidan makoki, ki ga abin da zai rage.

To, mu koma kan marin. Kolosiyawa 3:19 ta hana maza tsananta wa matansu. 1 Timoti 3:3 ta ce mai saurin hannu bai cancanci shugabancin ikilisiya ba, don haka in maigidanki yana riƙe da wani muƙami a majami'a, maganar ta shafi muƙamin. Wadda ta fi ba ni tsoro ni kaina ita ce 1 Bitrus 3:7: maza su zauna da matansu da fahimta, su girmama su a matsayin abokan gādon alherin rai, don kada addu'arsu ta toshe. Mutum zai iya marin matarsa ran Asabar ya jagoranci addu'a ran Lahadi, jama'a su ce amin, amma Bitrus ya ce ba ta wuce rufin ɗaki ba.

Uwar da ta ce ki yi haƙuri, kada ki riƙe ta a zuciya. Abin da aka gaya mata ne ta gaya miki, wataƙila ita ma ta haɗiye abin da ya fi naki. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma aure ba ya tsayawa sai da haƙuri. Amma haƙuri da halin mutum daban, rufa wa zunubinsa asiri har ya girma daban. Mu shugabanni muna da laifi a nan, na kuma sa kaina a ciki. A farkon aikina na taɓa mayar da wata mata ɗakinta da "je ki yi ta addu'a," ban kira mijin ba don yana cikin masu ba da babban baiko. Bayan wata biyu na je gaishe ta a gadon asibiti da karyayyen hannu. Ba ta ce mini komai ba, ta juya fuska wajen bango.

Mari na biyu ba kuskure ba ne, hanya ce aka fara shimfiɗawa. Matiyu 18:15-17 ta ba ki matakai, kuma matar aure ba ta fita daga cikinsu ba, domin kafin ki zama matarsa 'yar'uwarsa ce ke cikin Almasihu. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa, "Maigida, ina ganin girmanka, amma abin da ka yi mini zunubi ne, kuma ba zan ƙara yin shiru ba." In kina jin tsoron faɗar haka ke kaɗai, wannan tsoron ma amsa ce, ki tsallake zuwa mataki na gaba. Ki je wurin fastonku tare da matarsa, ko dattijo ɗaya da wata uwa da kika amince da ita. Ki faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ba ƙari ba ragi. Ki sanar da wani babba a gidanku da wani a gidansu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da za ki nema a wurin dattawa ba "ku ba mu haƙuri" ba ne. Ki nemi ya amsa laifinsa da bakinsa, ya roƙi gafararki a gaban yaran da suka gani, a kuma sa wani dattijo ya riƙa bibiyarsa na tsawon watanni.

In ya sāke, ko ya yi barazana, ko kika ga idonsa ya sauya yadda ba ki saba gani ba, ki kwashi yaran ki tafi inda za ki tsira. Wannan ba kisan aure ba ne. Dawuda ya guje wa māshin Saul, Bulus ma an zurara shi cikin kwando ta bayan garun Dimashƙu, ba wanda ya kira su marasa bangaskiya. Hukuma ma tana da hurumi a nan, Romawa 13 ta kira ta mai hidimar Allah don hukunta mai mugunta. Gaskiya ne sashe na 55 na tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa ya bar wa miji ƙofar "horon" matarsa inda al'ada ta yarda, amma tun 2015 Najeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane wadda ta mai da dukan abokin aure laifi, jihohi da dama kuma sun karɓe ta. Takardun makarantarki, na haihuwar yara, da ɗan abin kashewa, ki ajiye su tun yanzu wurin wadda kika yarda da ita.

In kuwa maigidan naki zai yarda ya karanta wannan amsa, ki ba shi. Ɗana, ban ji taka ba, na sani kai ma kana da abin faɗa, kuma ina so in ji. Ka zo da Littafinka da takardar albashinka, ita ma ta zo da nata. Za mu fara karatu daga aya ta 21.